Sankarar fatar leɓe: Yadda lambobin asibiti ke fayyace cuta, tiyata da kuɗin magani a Amurka

A asibitocin Amurka, idan likita ya yanke sankara daga leɓen majiyyaci, takardar da ake aika wa kamfanin inshora don neman biyan kuɗi ba ta ɗauke da dogon bayanin abin da ya gudana a ɗakin tiyata. Lambobi ne jere a kanta. Wata tana faɗin cutar da aka gano, wata kuma tana faɗin aikin da aka yi. Idan lambobin biyu suka dace da juna, kuma suka dace da abin da likita ya rubuta a fayil, sai a biya. Idan suka saɓa, sai a mayar da takardar, kuɗin ya maƙale, wani lokaci ma nauyin ya koma kan majiyyaci.

Leɓe na daga cikin sassan jiki da suka fi wahalar da ma'aikatan da ke sanya waɗannan lambobi. Dalili kuwa shi ne, a ɗan wannan fili da bai wuce faɗin yatsu biyu ba, tsarin lambobin ya raba wurin gida-gida, kuma tazarar milimita kaɗan tana iya sauya sunan cutar a rubuce, ta sauya kuɗin aikin, har ta sauya ko za a ƙirga majiyyacin a ƙididdigar masu ciwon daji ko ba za a ƙirga shi ba.

Kundaye biyu da ake aiki da su

Kundi na farko shi ne na rarraba cututtuka na ƙasa da ƙasa, wanda aka fi sani da ICD. Asalinsa jerin dalilan mutuwa ne da masanin ƙididdiga ɗan Faransa, Jacques Bertillon, ya tsara a 1893. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta karɓi ragamarsa a 1948. An amince da bugu na goma a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994. Bugu na 11 kuma ya fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2022, sai dai kowace ƙasa tana komawa kansa ne gwargwadon shirinta.

Amurka ta yi wa bugu na goma ƙarin rassa domin ya dace da harkar asibiti da inshora, ta kira shi ICD-10-CM, ta kuma fara amfani da shi a ranar 1 ga Oktoba, 2015. Yana ɗauke da lambobi kimanin 70,000, kuma ana sabunta shi kowace shekara.

Kundi na biyu shi ne na ayyukan likita, wato CPT, wanda Ƙungiyar Likitocin Amurka, AMA, ta fara wallafawa a 1966, kuma har yau ita ke da mallakarsa. Kowane aiki, daga duba majiyyaci zuwa babbar tiyata, yana da lambarsa mai alƙaluma biyar. Bayan dokar HIPAA ta 1996, gwamnatin tarayyar Amurka ta tsayar da waɗannan kundaye a matsayin ma'aunin da kowa zai bi wajen musayar takardun neman biya, ciki har da shirin Medicare da aka kafa a 1965, wanda ke kula da lafiyar 'yan shekara 65 zuwa sama.

A taƙaice, lambar ICD tana amsa tambayar abin da ke damun majiyyaci, lambar CPT kuma tana amsa tambayar abin da aka yi masa. Kamfanin inshora yana duba ko cutar da aka ambata ta isa hujjar aikin da ake neman kuɗinsa.

Iyakar da ta raba leɓe

A wurin likitoci, leɓe kashi uku ne. Akwai fatar leɓe, wato fatar da ke kewaye da baki, inda gashin baki ke tsirowa a sama da kuma ɗan filin da ke tsakanin leɓen ƙasa da haɓa. Akwai jan leɓe, wato wurin da mata ke shafa jan-baki, wanda ba ya fitar da gashi. Sannan akwai cikin leɓe mai danshi, wanda ke fuskantar haƙora.

Kundin ICD ya bi wannan rabo. Sankarar da ta tsiro a jan leɓe ko a cikinsa tana ƙarƙashin rukunin C00, tare da cututtukan daji na baki da maƙogwaro. C00.0 ita ce ta wajen leɓen sama, C00.1 ta wajen leɓen ƙasa, C00.3 da C00.4 na cikin leɓen sama da na ƙasa, C00.6 kuma ta kusurwar baki inda leɓɓan biyu suka haɗu.

Wadda ta tsiro a fatar leɓe kuwa tana cikin rukunin sankarar fata, wato C44.0. A kundin WHO lambar ta tsaya a nan, amma na Amurka ya ƙara alƙalami ɗaya don bayyana nau'in ƙwayoyin cutar. C44.01 ita ce sankarar ƙwayoyin basal, waɗanda ke can ƙasan shimfiɗar fata ta waje. C44.02 ita ce ta ƙwayoyin sikwamos, masu faɗi da ke kusa da saman fata. C44.09 ta sauran nau'o'in da aka ambata sunansu ce, C44.00 kuma ta wadda ba a fayyace nau'inta ba.

Melanoma, wadda ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi, tana da lambarta daban, C43.0. Haka ma sankarar ƙwayoyin Merkel, wadda ba a cika samun ta ba, tana da C4A.0. Idan cutar tana nan a saman fata ba ta kutsa ƙasa ba tukuna, ana amfani da D04.0 a fatar leɓe, ko D00.01 a jan leɓe da cikinsa.

Wannan rabo yana da tushe a ilimin likitanci. Sankarar basal ta fi fitowa a fatar leɓen sama, tana girma a hankali, tana cin naman da ke kusa da ita, amma da wuya ta bazu zuwa wasu sassan jiki. Ta sikwamos kuwa ita ce ta fi yawa a jan leɓen ƙasa, wanda rana ta fi duka, kuma a wannan wuri ta fi saurin kaiwa ga kaluluwar wuya fiye da yadda take yi a yawancin sassan fata. Saboda haka lambar da aka rubuta tana gaya wa likitan da zai karɓi majiyyaci nan gaba irin sa idon da ya kamata ya yi.

Akwai kuma batun ƙididdiga. A Amurka, cibiyoyin rajistar ciwon daji ba sa tattara bayanan sankarar basal da sikwamos ta fata, in ban da ta al'aura, saboda yawanta. Amma sankarar jan leɓe tana cikin waɗanda ake kai rahotonsu. Idan aka rubuta sankarar jan leɓe da lambar fata, majiyyacin yana iya kuɓuce wa masu rajista, alƙaluman da hukumomi ke dogara da su wajen tsara rigakafi su ragu da mutum ɗaya.

Ba a sanya lambar sankara kafin sakamako

Idan likita ya ga gyambo ko ƙullutun da yake zargi, matakin farko shi ne ɗaukar ɗan samfurin nama a kai ɗakin gwaji. Wannan ma yana da lambobinsa. Tun daga 2019, ɗaukar samfurin fata ya kasu gwargwadon hanyar da aka bi: 11102 idan an fiffike saman wurin, 11104 idan an huda da ɗan ƙarfe mai zagayayyen baki, 11106 idan an tsaga da wuƙar tiyata. Jan leɓe da cikinsa suna da tasu lambar, 40490. Likitan da ke duba naman a madubin ƙara girma yana neman nasa kuɗin daban, galibi da 88305.

Ƙa'idar kundin Amurka ga majiyyatan da ba a kwantar ba ta hana sanya lambar cutar da ake zato ko ake zargi. Har sai sakamakon gwaji ya tabbatar, ba a rubuta C44.01 ko C44.02, komai ƙwarewar idon likita. Shi ya sa asibitoci da dama ke riƙe takardar neman biya har sakamako ya fito.

Akwai lambobi biyu da ake yawan rikita su a wannan mataki. D49.2 tana nufin tsiro ne wanda ba a fayyace halinsa ba. D48.5 kuwa tana nufin an duba naman, amma ƙwayoyinsa sun tsaya a tsakani, ba a iya yanke hukuncin cewa masu illa ne ko marasa illa ba. Ta biyun hukunci ne na ɗakin gwaji, don haka bai dace a sanya ta don kawai likita yana cikin shakka ba.

Hikimar wannan ƙa'ida a fili take. Lambar sankara, da zarar ta shiga tarihin lafiyar mutum, tana bin sa daga asibiti zuwa asibiti, tana iya bayyana lokacin da ya nemi inshorar rai, kuma goge ta yana buƙatar doguwar wasiƙa da hujjoji. A ɗaya ɓangaren kuma, idan aka sanya lambar tsiro marar illa, kamar D23.0, alhali sankara ce, kamfanin inshora na iya ƙin biyan tiyatar da ta dace da ita.

Awo kafin wuƙa

Idan an tabbatar da cutar kuma an yanke ta daga fata, lambar aikin tana fitowa ne daga jerin 11640 zuwa 11646, wanda ya shafi fuska, kunnuwa, fatar ido, hanci da leɓɓa. Girman abin da aka yanke shi ke tantance lambar. 11640 ta santimita 0.5 ce ko ƙasa da haka. 11641 daga 0.6 zuwa 1.0. 11642 daga 1.1 zuwa 2.0. 11643 daga 2.1 zuwa 3.0. 11644 daga 3.1 zuwa 4.0. 11646 kuma ta abin da ya haura santimita 4.0. Tsiro marar illa a waɗannan wurare yana da nasa jerin, 11440 zuwa 11446, kuma kuɗinsa bai kai na sankara ba.

Yadda ake awon shi ne a ɗauki faɗin tsiron ta inda ya fi faɗi, a haɗa da lafiyayyar fatar da likita ya ga dole a yanke a gefensa biyu don kada a bar saura. A ɗauka tsiron santimita 1.2 ne, likita ya bar tazarar 0.4 a kowane gefe. Jimla ta zama 2.0, lambar kuma 11642. Da tazarar 0.5 ya bari a kowane gefe, jimlar za ta zama 2.2, lambar ta koma 11643. Milimita ɗaya a kowane gefe ta tsallakar da aikin daga wani mataki zuwa wani.

Ana yin awon ne kafin a yanka, domin nama yana tsukewa da zarar an raba shi da jiki, yana kuma ƙara tsukewa a ruwan fomalin da ake adana shi. Idan likita bai rubuta awonsa ba, aka dogara da na ɗakin gwaji, asibiti zai nemi ƙasa da abin da ya cancanta. Haka kuma tsawon tsagar da aka yi ba shi ne ma'auni ba. Likitoci kan yanka wurin da siffar ganye mai tsini biyu domin ɗinki ya kwanta, tsagar ta fi tsiron tsawo nesa ba kusa ba, kuma wanda ya yi lissafi da ita ya nemi fiye da haƙƙinsa.

Idan yankan ya ratsa kaurin leɓen, ko ya shafi jan leɓe, ana komawa wani sashe na kundin. 40500 ita ce ta cire jan leɓe a jawo fatar ciki ta maye gurbinsa. 40510 da 40520 na yanke wani yanki na leɓen ne a ɗinke bakin kai tsaye, ta biyun da siffar harafin V. 40525 ta yanka ce tare da sake gina wurin da naman da ke kusa, 40527 kuma da naman da aka aro daga ɗaya leɓen. 40530 ta cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na leɓen ce ba tare da sake gina shi ba.

Tiyatar Mohs da batun ɗinki

A leɓe, kowace milimita ta lafiyayyen nama tana da daraja, domin da shi ake magana, ake ci, ake riƙe ruwa a baki. Wannan ne ya sa ake yawan bin hanyar da likita Frederic Mohs na Jami'ar Wisconsin ya ƙirƙiro a shekarun 1930. Ana yanke tsiron da 'yar siririyar tazara, a duba gefunansa a madubi nan take majiyyaci yana jira, idan an ga saura a sake yanka a daidai wurin kawai, har sai gefunan sun fita tsaf.

Zagaye na farko a kai da wuya yana da lamba 17311, kowane ƙarin zagaye kuma 17312. Sharaɗin amfani da su shi ne likita ɗaya ya yi yankan kuma shi ya duba naman. Idan ya aika wa wani likitan ya duba, aikin ya fita daga wannan rukuni. Kuɗin duba naman yana cikin lambar, ba a sake neman sa daban.

Ɗinki ma yana da ƙa'idarsa. Ɗinki mai sauƙi na shimfiɗa ɗaya yana cikin kuɗin yankan. Ɗinki mai hawa-hawa yana da jerin 12051 zuwa 12057, mai sarƙaƙiya kuma 13151 zuwa 13153, kuma su ana auna su ne da tsawon raunin da aka rufe. Idan aka jawo fatar kusa aka juya ta don rufe gurbin, lambar ita ce 14060 ga filin da bai wuce murabba'in santimita 10 ba, ko 14061 ga wanda ya kai har 30. Waɗannan biyun sun riga sun haɗa da kuɗin yanke tsiron, don haka wanda ya ƙara 11642 a kansu ya nemi kuɗin aiki ɗaya sau biyu.

Akwai kuma ƙananan lambobin ƙarin bayani masu alƙaluma biyu da ake liƙawa a bayan babbar lamba. 25 tana nuna cewa likita ya yi wa majiyyaci wani duba na daban a ranar da aka yi aikin. 59 tana nuna aikin daban ne, kamar a wani wuri na jiki. 58 kuma ana sanya ta ne idan gwaji ya nuna akwai saura aka sake yanka cikin kwanaki 10 da Medicare ke lissafawa a matsayin lokacin kulawar bayan irin wannan tiyata.

Abin da kuskure ke jawowa

Tun 1996 Medicare ke amfani da tsarin kwamfuta da ke tace takardu, yana tare lambobin da bai kamata a haɗa su ba. Takardar da ta faɗi a nan sai an gyara ta an sake aikawa. A sashen Medicare da ke biyan ayyukan likitoci, majiyyaci yana biyan kashi 20 cikin 100 na kuɗin da aka amince da shi bayan ya cika kasonsa na farkon shekara, saboda haka lambar da ta haura gaskiya tana ƙara abin da zai fitar daga aljihunsa. Ɗaga lamba da gangan kuwa laifi ne a ƙarƙashin dokar hana neman kuɗin gwamnati da ƙarya, wadda asalinta ya koma 1863.

Bayan an gama magani kuma babu sauran alamar cutar, ba a ci gaba da sanya lambar sankara mai ci. Ana komawa Z85.828, wadda ke nuna mutum ya taɓa yin sankarar fata, ko Z85.820 idan melanoma ce. Da wannan lambar ake kafa hujjar duba fatarsa lokaci-lokaci, domin wanda ya taɓa yi ya fi shiga haɗarin sake yi.

Inda batun ya shafi Najeriya

Kundin CPT tsarin Amurka ne, amma ICD na duniya ne, kuma sassan adana bayanan majiyyata a manyan asibitocin Najeriya suna aiki da shi. Rabon da ke tsakanin C00 da C44.0 yana nan a kundin WHO kamar yadda yake a na Amurka. Rajistar ciwon daji ta Ibadan, wadda aka kafa a 1960, da sauran irinta, suna dogara ne da daidaiton abin da likitoci suka rubuta game da wurin da cuta ta tsiro da nau'inta.

Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda aka sanya wa hannu a watan Mayun 2022, ta wajabta inshorar lafiya ga mazauna ƙasar. Hukumar tana da nata jadawalin farashin ayyuka da magunguna, kuma majiyyacin da za a tura wurin ƙwararren likita yana buƙatar lambar amincewa kafin a yi masa aiki. Gwargwadon yadda masu inshora ke ƙaruwa, haka biyan kuɗin magani zai ƙara dogara da abin da aka rubuta a takarda.

Sankarar fata da rana ke haddasawa ba ta da yawa a tsakanin masu baƙar fata, amma masu lalurar zabiya suna cikin babban haɗari, domin fatarsu ba ta da sinadarin da ke tare zafin hasken rana. A Afirka, ta sikwamos ce ta fi kama su, galibi a fuska, kunnuwa, wuya da leɓɓa, kuma tana bayyana tun suna da ƙuruciya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara don wayar da kai game da wannan lalura. Shan taba da daɗewa a rana ba kariya suna ƙara haɗarin sankarar leɓe ga kowa.

Likitoci suna ba da shawarar a kai wa asibiti duk gyambon leɓe da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, ko ɓawon da ke ɓarewa yana dawowa, ko ƙullutu mai tauri da ke zubar da jini. Tsiron da aka gano yana ƙasa da santimita ɗaya sau da yawa ana cire shi da allurar kashe zafi, majiyyaci ya koma gida a ranar. Wanda aka bari ya girma yana iya cin kashi ɗaya cikin huɗu na leɓen ko fiye, ya buƙaci sake gini da doguwar jinya.

Ga wanda aka yi wa aikin, a Amurka ko a Najeriya, abubuwa uku ne ya kamata ya tabbatar suna cikin takardunsa: sakamakon ɗakin gwaji mai faɗin nau'in cutar da ko gefunan naman sun fita tsaf, bayanin ainihin wurin da tsiron yake a leɓen, da kuma awon da likita ya yi kafin yanka. Da waɗannan ukun ake gyara lambar da aka yi kuskurenta, kuma su ne likita na gaba zai fara nema.